Cingam da Aka Haɗiye: Abin da Ke Faruwa a Ciki, da Hukuncinsa ga Mai Azumi da Mai Salla

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa na fili da na ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, darasinmu na yau a kan ɗan ƙaramin abu ne da kake gani kullum a teburin mai tireda, a tashar Madawa, a kasuwar Buza, a bakin makarantun Keita, wato cingam. Yara na taunarsa, matasa na taunarsa, direbobi na korar barci da shi a kan hanyar Konni zuwa Maradi. Kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina zancen, domin mutanenmu sun kasu gida biyu a kansa, kuma kowane gida ya kauce wa daidai.

Gida na farko su ne masu cewa wanda ya haɗiye cingam zai manne masa a ciki, ya naɗe masa hanji har ya halaka shi. Yanzu kuma wayar salula ta kawo mana wata tatsuniya daga Amurka da Ingila, wai cingam yana shekara bakwai a ciki kafin ya fita. Gida na biyu su ne masu cewa tunda ciki ba ya narkar da cingam, ashe ba abinci ba ne, don haka mai azumi zai iya taunarsa da rana ba tare da wani laifi ba. Na farko suna tsoratar da yara da abin da babu shi. Na biyu suna wasa da farillar Allah. Ra'ayina shi ne duka biyun rashin sanin abu ɗaya ne ya haife su, kuma idan ka san abin da cingam yake da yadda yake bi ta cikinka, za ka tsira daga duka biyun.

DA ME AKE YIN CINGAM?

Taunar danƙon itace tsohuwar al'ada ce a duniya. Larabawa sun san luban da mastaki, wanda ake samu daga wani itace a tsibirin Kiyos na ƙasar Girka, kuma irin wannan danƙo ne malaman fiƙihu ke kira ilku a littattafansu. Mutanen Maya na ƙasar Meziko suna taunar danƙon wani itace nasu tun kafin Turawa su isa can. Daga wannan danƙon ne wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams ya fara yin cingam na sayarwa a birnin New York wajen shekarar 1870, sannan kamfanin Wrigley na Chicago ya fito da nasa a farkon shekarun 1890, ya baza shi duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masana'antu suka koma ga danƙon da ake haɗawa da sinadarai. Galibin cingam ɗin da ke kasuwa yau gindinsa roba ce da aka tace domin baki, dangin robar da ake yin tiyub na taya da ita, da dangin farin gam na kafintoci. A kan wannan gindi ake zuba sukari ko wani abin zaƙi, da ƙamshi irin na na'ana'a ko ayaba, da mai tausasa shi, da launi.

Ka riƙe wannan rabo da kyau, domin a kansa dukan zancen ya ginu. Cingam kashi biyu ne. Akwai kashin da ke narkewa a yawu, shi ne zaƙi da ƙamshi da launi. Akwai kashin da ba ya narkewa, shi ne danƙon da ke saura a bakinka bayan ɗanɗano ya ƙare.

Kada ka haɗa shi da ƙaron da yaranmu ke ɓamɓarowa daga jikin dakwara da sauran itatuwan ƙaya, irin waɗanda suka yawaita a tuddan Adar tun bayan da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya fara a 1984. Ƙaro yana narkewa a ruwa da yawu, kuma ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin babban hanji suna sarrafa shi. Shi ya sa ake sa shi cikin alewa da lemon kwalba da magunguna a ƙasashen duniya. Danƙon cingam kuwa babu ruwan jikin da ke iya narkar da shi.

TAFIYARSA A CIKIN CIKI

To, idan ba ya narkewa, ina yake zuwa? Ka bi shi mataki-mataki, za ka ga hikimar Mahalicci a jikinka.

Da ka haɗiye shi, sai ya shiga hanyar abinci, wadda tsawonta ga babban mutum ya kai kimanin santimita 25. Wannan hanya tana matsawa daga sama zuwa ƙasa kamar yadda mai tatsa ke matsa nono, kuma cikin ƴan daƙiƙoƙi cingam ya isa tumbi. A nan ruwan tsami mai ƙarfi yake haɗuwa da abinci, tumbin yana dama shi na tsawon awa biyu zuwa huɗu. Abin da ya rage na zaƙi yana fita daga jikin cingam, danƙon kuma ya tsaya yadda yake.

Mai cewa zai manne ya manta da abu ɗaya. Cingam yana mannewa ne ga busasshen wuri, kamar tabarma ko tufa ko gashi. Ka lura ai ba ya manne wa harshenka ko dasashinka, saboda yawu. To bangon tumbi da na hanji a lulluɓe suke da majina mai santsi wadda jiki ke sabunta ta dare da rana. Ita ce ke kare tumbi daga ruwan tsaminsa, ita ce kuma ke hana abu liƙewa a jikinsa.

A ƙasan tumbi akwai ƴar ƙofa da ke buɗewa zuwa ƙaramin hanji. Abin da faɗinsa bai wuce kamar santimita biyu ba yakan wuce ta cikinta, kuma cingam guda da aka tauna bai kai haka ba, ga shi da laushi. Bayan abinci ya gama wucewa, tumbi yana da wani motsi mai ƙarfi da yake yi lokacin da babu komai a cikinsa, kamar mai shara bayan an tashi daga cin abinci, yana tura duk abin da ya ƙi narkewa zuwa gaba. Ƙugin da kake ji a cikinka idan kana jin yunwa yana da nasaba da wannan shara.

Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita shida, inda jiki ke tsotse amfanin abinci. Sai babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, inda ake tsotse ruwa. Cingam yana bin ayarin ragowar abinci har ya fita tare da bayan gida. Ga yawancin mutane wannan tafiya tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku.

Ba wani baƙon abu ba ne. Wane yaro ne a kwarin Tarka ko na Majiya bai taɓa haɗiye ƙwallon magarya ba? Dusar gero da ɓawon wake da ƴaƴan tumatir, da yawansu haka suke shiga su fita ba tare da sun narke ba. Rashin narkewa daban, maƙalewa daban. Hanji yana tura abin da ya narke da wanda bai narke ba, duk hanya ɗaya.

DAGA INA TSORON YA SAMO ASALI?

Ruwa ba ya tsami banza. Mu a ƙasar kiwo muna da dalilin da ya sa wannan magana ta zauna mana a zuciya. Duk wanda ya tsaya wurin mahauta, ko ya halarci fiɗar ragon layya, ya san yadda ake fito da dunƙulen leda daga tumbin tunkiya ko akuya ko saniya, wani lokaci mai nauyin gaske, ya cuɗe da igiya da tsumma. Dabbar takan rame tana tsaye, ana ba ta harawa ba ta ƙiba. Wannan annoba tana cikin dalilan da suka sa Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin waɗannan ledoji da sayar da su a shekarar 2014. Wanda ya ga haka da idonsa, idan aka ce masa cingam ma roba ne, ba zai yi wuyar yarda cewa haka zai taru a cikin ɗansa ba.

Sai dai kiyasin bai yi daidai ba. Dabba mai tuƙa tumbinta ɗaki huɗu ne, na farkon babban rumbu ne da abinci ke daɗewa a ciki, kuma ba ya sakin abu zuwa gaba sai ya zama ƙanana ƙwarai. Leda faffaɗa ce, tana naɗewa da ƴar uwarta ta kasa wucewa. Ɗan Adam tumbinsa ɗaya ne, cingam kuma ɗan ƙanƙanen dunƙule ne. Malaman usulu sun koya mana cewa kiyasi ba ya inganta idan akwai bambanci tsakanin abin da aka auna da abin da aka auna a kansa. Wannan ƙa'ida tana aiki a nan kamar yadda take aiki a fiƙihu.

INDA HAƊARIN YAKE DA GASKE

Kada ka fahimci cewa ina ba ka izinin haɗiyar cingam. Akwai haɗari, amma ba a inda mutane ke nunawa yake ba.

Na farko, yawan haɗiya. A shekarar 1998 wani likitan yara mai suna David Milov da abokan aikinsa a birnin Orlando na Amurka sun wallafa labarin yara uku. Biyu daga cikinsu ƴan shekara huɗu da rabi ne, waɗanda suka saba haɗiye cingam da yawa kullum, ɗayansu guda biyar zuwa bakwai a yini, ga kuma taurin bayan gida da suke fama da shi. Cingam ya taru ya zama dunƙule ya toshe musu ƙarshen hanji, sai da likitoci suka ciro shi. Ta ukun yarinya ce ƴar shekara ɗaya da rabi, wadda ta haɗiye cingam tare da tsabar kuɗi guda huɗu, suka liƙe da juna suka tsaya mata a hanyar abinci. Ka ga sharuɗɗan da suka taru: yaro ƙarami mai ƙaramin hanji, haɗiya mai yawa a kai a kai, cushewar ciki, ko haɗuwa da wani abu mai tauri. Guda ɗaya da ya suɓuce wa mai lafiya ba ya cikin wannan.

Na biyu, shi ne mafi muni, shaƙewa. Hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne a maƙogwaro. Yaron da ke taunar cingam yana gudu, ko yana dariya, ko ya yi barci da shi a baki, zai iya zarce masa hanyar numfashi. Wanda ya shiga ciki zai fita bayan kwana biyu, amma wanda ya toshe numfashi mintoci kaɗan ya isa ya kashe. Saboda haka likitocin yara ke hana ba ƙananan yara cingam sam, har sai yaro ya kai shekarun da zai gane cewa tofarwa ake yi, wajen shekara biyar.

Idan ka ga yaro ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi, ka bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari da kuka da magana, ka sunkuyar da shi gaba ka buga masa tafin hannu sau biyar tsakanin kafaɗunsa. Idan bai fito ba kuma yaron ya wuce shekara ɗaya, ka tsaya bayansa ka dunƙule hannu a saman cibiyarsa ka matsa ciki da sama sau biyar, ka riƙa maimaita su bi da bi. Jariri kuwa ba a matsa masa ciki: kifa shi ake yi a kan hannu, kansa ƙasa, a buga bayansa, sannan a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu. Kada ka cusa yatsa kana lalube cikin maƙogwaro, za ka iya ƙara tura abin ciki.

Na uku, cingam marar sukari. Yawancinsa da wani abin zaƙi ake yi mai suna sobitol, wanda hanji ba ya tsotse shi sosai, sai ya jawo ruwa ya sa zawo da kumburin ciki idan ya yi yawa. A shekarar 2008 likitocin asibitin Charité na birnin Berlin sun ba da labarin wata mace ƴar shekara 21 da ta rasa kilo 11, da wani namiji ɗan shekara 46 da ya rasa kilo 22, saboda zawo mai tsawo da aka rasa dalilinsa, har aka gano yawan cingam da alewa masu sobitol ne. Da suka bari suka warke. Mai sukarin kuma illarsa a haƙora take, da kuma masu ciwon sukari.

Ga alamun da ba a zama a gida da su, ko cingam aka haɗiye ko wani abu: ciwon ciki mai tsanani, kumburin ciki, amai a kai a kai musamman mai launin kore, rashin bayan gida da tusa, ko kasa haɗiyar yawu. A nufi likita mafi kusa nan take, domin a tura mara lafiya asibitin gunduma na Madawa ko Buza ko Keita, ko asibitin Galmi, ko babban asibitin Tawa idan ta kama. Kada a tsaya ana ɗura masa jiƙe-jiƙe ko maganin wankin ciki, domin idan hanji ya toshe ƙara masa wahala suke yi. Haka nan yaron da ya haɗiye ɗan batiri mai kama da maɓalli, irin na agogo, a gaggauta da shi ko da yana wasa lafiya lau, domin yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa biyu. Wannan ya fi cingam haɗari nesa ba kusa ba, amma ba ka cika jin ana gargaɗi a kansa ba.

Domin adalci ya cika, cingam yana da amfaninsa. Tauna tana ƙara yawu, yawu kuma yana wanke haƙora. Likitoci a ƙasashe da dama sukan ba wanda aka yi wa aikin ciki, har da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, cingam su tauna domin hanji ya farka da wuri.

SHIN YA HALATTA A TSORATA YARO DA ƘARYA?

Wani zai ce: mun ji, ba gaskiya ba ne, amma ai dabara ce ta hana yaro haɗiya, mene ne laifinta? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu wannan magana ke da ita, kuma niyyarsu kyakkyawa ce. Duk da haka ban yarda da ita ba, saboda dalilai na shari'a da na hankali.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amir, cewa wata rana yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Idan lallashin yaro da alkawarin wofi ƙarya ne a ma'aunin shari'a, to razana shi da cutar da babu ita fa? Imam Muslim kuma a gabatarwar Sahihinsa ya kawo gargaɗi a kan mutumin da ke baza duk abin da ya ji, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Wanda ya tura saƙon shekara bakwai zuwa zaure goma a WhatsApp bai bincika ba, ya duba kansa a wannan madubi.

Ta fuskar hankali kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka ce masa cingam zai kashe shi, ranar da ya haɗiye bisa kuskure ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai ya ɓoye saboda tsoron duka, ya kwana cikin firgita, kuma gobe idan tsaba ko batiri ya haɗiye haka zai ɓoye. Ko kuma ya ga kwana uku sun wuce babu abin da ya same shi, ya gane iyayensa ba gaskiya suka faɗa ba. Daga ranar ya fara auna sauran maganganunsu da wannan mudu. Idan gobe ka ce masa kada ya yi wanka a tafkin da ruwan damina ya cika, ko ka ce masa salla wajibi ce, da wace fuska zai karɓa? Uba ba shi da jari a wurin ɗansa da ya wuce yarda, bai kamata ya ɓarnatar da shi a kan cingam ba.

Gaskiya ta wadatar. Ka ce masa: ɗana, wannan taunawa ake yi a tofar, ba abinci ba ne, idan ka yawaita haɗiya zai cushe maka ciki, idan ka yi gudu da shi zai shaƙe ka, idan kuma ya wuce maka bisa kuskure ka zo ka faɗa mini ba zan doke ka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da gaskiya ake tanƙwarawa.

CINGAM DA AZUMI

Yanzu ga gida na biyu. Hujjarsu ita ce cingam ba ya narkewa, kuma sun ji an ce malamai karhantawa kawai suka yi. Gaskiya ne a Mukhtasar na Shaihu Khalil an lissafa taunar ilku cikin abubuwan da aka karhanta wa mai azumi, da sharaɗin ya tofar kada komai ya wuce maƙogwaronsa. Imam Bukhari ma a babin azumi ya kawo ra'ayin Aɗa'u, babban tabi'in Makka, wanda ya hana mai azumi taunarsa ko da yake bai yanke cewa yana karya azumi ba. Amma ka tambayi kanka, wane ilku suke nufi? Danƙon itace ne tsantsa, wanda ba a zuba masa sukari ko ƙamshi ba, kuma ko shi ɗin sun ƙi shi saboda tsoron kada wani abu ya ɓalle daga jikinsa ya wuce.

Cingam na yau, kamar yadda ka gani a sama, babban kashinsa zaƙi ne da ke narkewa a yawu. Ina zaƙin yake tafiya idan ɗanɗano ya ƙare? Cikinka ya tafi. Wanda ya tauna shi da rana a Ramadan yana haɗiyar yawunsa, daidai yake da wanda ya sa ƙwayar sukari a baki ya tsotse. Azuminsa ya karye. Marar sukarin ma haka, domin abin zaƙin da ke cikinsa narkewa yake yi ya wuce. Ƙaro kuwa ya fi bayyana, tunda shi gaba ɗayansa narkewa yake yi.

Saura danƙon kansa. A ce mutum ya haɗiye danƙon da babu sauran zaƙi a jikinsa, mene ne hukuncinsa? Malamanmu na Malikiyya sun tattauna irin wannan tun da daɗewa, a mas'alar wanda ya haɗiye tsakuwa ko dirhami. Ibnul Majishun ya ba shi hukuncin abinci: ramuwa idan mantuwa ce, ramuwa da kaffara idan ganganci ne. Ibnul Ƙasim ya ce babu ramuwa sai ga wanda ya yi da gangan, shi zai rama saboda wasa da azuminsa. Lakhmi ya zaɓi cewa abin da ya isa tumbi yana karya azumi ko mai narkewa ne ko ba mai narkewa ba, kuma a kan haka Khalil ya tafi. Ka ga ashe babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki rashin narkewa a matsayin lasisin haɗiya da gangan.

A mazhabarmu, wanda ya ci ko ya sha da mantuwa a azumin farilla zai kame bakinsa sauran yinin, ya rama kwana ɗaya, babu zunubi a kansa. Wanda ya yi da gangan, yana sane da haramcin, ba tare da wani tawili mai ƙarfi ba, ramuwa da kaffara sun hau kansa: ciyar da miskinai 60 kowanne mudun Annabi ɗaya, ko azumin wata biyu a jere, ko ƴanta baiwa ko bawa. Wanda ya riga ya auka cikin wannan bisa jahilci, ya je ya zauna da malamin garinsu ya bayyana masa yadda abin ya faru, domin hukunci yana bin halin mutum. Ka auna da kanka: ciyar da mutum 60 a shekarar tsadar hatsi, saboda abin da bai kai kuɗin ƙullin gishiri ba.

Idan warin baki ne damuwarka, shari'a ta ba ka mafita. Asuwaki ya halatta ga mai azumi dukan yini a mazhabar Maliku, busasshe ya fi, ɗanye kuma an karhanta shi don kada ruwansa ya wuce. Itacen asuwaki bai yi mana wuya ba, ga dogon yaro nan jere a kwarin Majiya tun dashen kare iska da aka fara a 1975. Wanda ya tauna cingam bayan sahur kuma ya tabbata ya tofar ya kurkure baki kafin alfijir, kada barci ya kwashe shi da shi a baki.

CINGAM DA SALLA DA MASALLACI

Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san an karhanta wa mai salla ya sa dirhami ko wani abu a bakinsa, domin yana shagaltarwa kuma yana tauye karatu. Wannan idan an ajiye shi ne kawai a gefen kumatu. Wanda kuwa yake taunawa yana haɗiyar zaƙi da gangan, ya shiga babin ci a cikin salla, kuma ci da gangan yana ɓata ta. Ka tofar kafin ka yi alwala, kurkurar baki ta tafi da sauran zaƙin.

Mu mutanen ƙasar albasa ne, daga Galmi har kwarin Tarka, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci saboda cutar da mutane da mala'iku. Wanda ya tauna cingam domin rage wari kafin ya fito ya yi abu mai kyau, in dai warin ya tafi da gaske, kuma ya tofar tun a waje.

Inda za a tofar ma abin lura ne. Shari'a ta ɗauki tofa majina a masallaci laifi, ta kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Cingam ya fi majina daɗewa, tunda roba ce ba ta ruɓewa da wuri. Wanda ya liƙa shi a ƙarƙashin tabarmar masallaci, ko jikin bango, ko bakin wurin alwala, ya bar wa ɗan uwansa abin da zai ɓata masa riga ranar Juma'a. Ƙasar Singafo sai da ta hana shigo da cingam da sayar da shi a 1992 saboda irin wannan ƙazanta. Mu ba ma buƙatar doka, abin da addininmu ya koya mana na tsabta ya isa. Ka naɗe shi a takardarsa ka jefa a shara, inda yaro mai rarrafe ba zai tsinta ba.

ABIN DA ZA KA RIƘE

Cingam guda da ya wuce bisa kuskure zai fita cikin ƴan kwanaki, kada ka firgita kuma kada ka firgita wani. Kada ka mayar da haɗiyarsa al'ada. Kada ka ba yaron da bai kai shekara biyar ba, kuma ka ja kunnen yayyensa, domin galibi daga hannunsu yake samu. Ka koyi yadda ake ceton wanda ya shaƙe, ka koya wa matan gida, su ne ke tare da yara yini. Ka nisanta shi da bakinka daga alfijir zuwa faɗuwar rana a ranar azumi, da kuma duk lokacin da ka tsaya gaban Ubangijinka. Idan saƙon shekara bakwai ya sake shigo maka, ka mayar wa wanda ya turo da bayani cikin ladabi, kada ka tura shi gaba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kiyaye mana zuriyarmu, Ya karɓi sallarmu da azuminmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.